Kiwon Kifi A Kudancin Kaduna: Yadda Zaɓen Abinci Ke Kawo Riba Ko Hasara

KAJURU, Jihar Kaduna — Duk ɗan kasuwar da ya yi niyyar zuba jari cikin kiwon kifi, ko a Kajuru ne, ko Kachia, ko Kafanchan, abin da ya kamata ya fara yi wa lissafi shi ne abinci. Tanki sau ɗaya ake gina shi, rijiyar burtsatse ma sau ɗaya ake haƙa ta, amma abinci kullum ne, safe da yamma, har tsawon wata biyar ko shida kafin a kai kifi kasuwa. Masana harkar sun daɗe da tabbatar da cewa abinci shi kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen renon tarwaɗa. Saboda haka wanda ya yi kuskure wajen zaɓen buhu, da wuya ya gyara kuskuren a ranar ciniki.

Kasuwa kuwa tana nan a buɗe. Ƙididdigar da hukumomin tarayya suka riƙa bayarwa a farkon shekarun 2020 ta nuna Nijeriya tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake kamawa a ruwa da wanda ake kiwo a gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Giɓin ana cike wani sashe nasa ne da daskararren kifi daga ƙasashen waje. A nahiyar Afirka, Masar ce kaɗai ta fi Nijeriya yawan kifin kiwo, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman tarwaɗar Afirka a duniya. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin tun shekarar 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Jihar Filato ta yanzu, maƙwabciyar kudancin Kaduna.

Kudancin Jihar Kaduna yana da abubuwan da sana'ar ke so. Damina ta fi ta arewacin jihar tsawo da yawan ruwa, ga rafuka da fadamu, ga masara da waken suya ana noma su a ƙofar gida. Hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Kujama da Kasuwan Magani da Kachia har zuwa Kafanchan tana haɗa mai kiwo da masu gidajen farfesu da otal-otal na babban birnin jihar, ga kuma Jos da Abuja ba su da nisa. Abin da ya rage shi ne sanin irin abincin da za a saya, da lokacin da za a saye shi, da kuma yadda za a gane ko yana biyan kuɗinsa.

Dalilin tsadar abincin kifi

Abincin kifi ya fi na kaji tsada saboda yawan sinadarin gina jiki, watau furotin, da ke cikinsa. Garin kifi, wanda shi ne mafi ingancin abin da ake samun furotin daga gare shi, yana ɗauke da kashi 60 zuwa 72 cikin ɗari, amma akasarinsa shigo da shi ake yi da kuɗin waje. Ƙasar Peru ce kan gaba wajen sayar da shi a duniya, kuma a shekarar 2023 ɗumamar ruwan teku da ake kira El Niño ta sa gwamnatin ƙasar ta soke kakar kamun kifi ta farko a babban yankin kamunta, abin da ya ɗaga farashi ko'ina.

A cikin wannan shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a ƙarshen watan Mayu, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni. Dalar Amurka da ake canzawa kimanin Naira 460 a kasuwar gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya shafi abincin da ake shigowa da shi kai tsaye, irin su Coppens na ƙasar Holan da Aller Aqua na Denmark. Bai bar na gida ba kuma, domin kamfanonin gida ma suna sayen garin kifi da sinadaran bitamin daga waje, sa'an nan su biya kuɗin dizal da na mota.

Akwai kuma gasa a kan hatsi. A watan Satumba na 2017 kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Kajuru, tare da wata ta abincin kifi a Ilorin, inda ake yin Blue Crown da Ecofloat da Aqualis. Kamfanin Grand Cereals na Jos yana yin Vital, Skretting kuma yana Ibadan. Duk waɗannan masana'antu suna neman masara da waken suya a kasuwannin arewa, ciki har da na Jihar Kaduna irin su Saminaka. Manomin hatsi ya sami manyan masu saye, amma mai kiwon kifin da ke haɗa abincinsa da kansa ya sami abokan gasa masu kauri a bakin buhu ɗaya.

Mai tasowa da mai nutsewa

Abincin kifi na ƙwaya iri biyu ne. Na farko shi ne mai tasowa a saman ruwa. Ana dafa haɗin ne da zafi da matsi a cikin inji, idan ya fito sai sitacin da ke ciki ya kumbura, iska ta shiga ƙwayar, ta yi sauƙin da ba za ta nutse ba. Dafuwar tana sa kifi ya narkar da abincin sosai, tana kuma kashe wasu ƙwayoyin cuta. Babban amfaninsa ga mai jari shi ne ana ganin abin da kifi ya ci da abin da ya bari. Da zarar kifi ya rage rububi, sai a dakata da zubawa.

Na biyu shi ne mai nutsewa, wanda ƙananan injuna ke matsewa, a shanya shi a rana. Ya fi araha, kuma tarwaɗa tana cinsa domin asalinta kifin ƙasan ruwa ce. Aibinsa shi ne ba a ganin abin da ya sauka ƙasa. Idan ba a haɗa shi da abin da zai riƙe shi ba, kamar garin rogo, yakan watse kafin kifi ya kai gare shi, ya ruɓe, ya ɓata ruwa. A kududdufin ƙasa ɓarnar tana da sauƙi, tun da ragowar takan zama taki ga ƙananan halittun da kifi ke ci. A tankin siminti ko na roba ko na tamfol kuwa, duk abin da ya ruɓe sai an biya kuɗin mai an canza ruwa.

Abin da ya kamata a karanta a jikin buhu

Abu na farko shi ne yawan furotin. Jariran tarwaɗa da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba suna bukatar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. 'Ya'yan kifi masu tsawon yatsa suna son kashi 42 zuwa 45, manya masu shirin kasuwa kuwa kashi 35 zuwa 42 ya ishe su. Karfasa, wadda take cin ganye da gansakuka, ba ta bukatar fiye da kashi 28 zuwa 32 idan ta tasa. Wanda ya ba karfasa abincin tarwaɗa ya biya kuɗin furotin da kifin ba zai yi amfani da shi ba.

Abu na biyu shi ne girman ƙwaya, wanda ake aunawa da milimita. Akan fara da gari mai laushi daga 0.2 zuwa 0.8, a wuce zuwa 1.2 da 1.5. Ƙwaya mai milimita 2 ta dace da kifin da ke tsakanin giram 10 da 50, mai 3 har zuwa kimanin giram 150, mai 4 har zuwa giram 400, daga nan sai mai 6, sai mai 9 ga manya ƙwarai. Kowane kamfani yana da jadawalinsa, kuma ya kamata a bi shi. Gaggawar komawa babbar ƙwaya saboda ta fi araha tana jawo hasara ta ɓoye: manyan kifaye su ci, ƙanana su kasa haɗiya, bambancin girma ya ƙaru, daga nan tarwaɗa ta shiga cin 'yar'uwarta. Shi ya sa ake tace kifi a raba su aji-aji kowane mako biyu ko uku a watannin farko.

Abu na uku shi ne ranar da aka yi abincin da ranar da zai lalace, tare da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Bitamin C yana raguwa da daɗewa da zafi, rashinsa kuwa yana cikin abubuwan da ke kawo tsagewar kai da lanƙwashewar ƙashin baya a tarwaɗa. Man da ke cikin ƙwayar ma yakan yi wari idan ya tsufa. Buhun da ya yi laima, ko ya dunƙule, ko yake warin fumfuna, ko gari ya yi yawa a gindinsa, a bar shi ko da an rage kuɗi. A Kafanchan da kewaye, inda danshi ke da yawa daga Yuni zuwa Satumba, dole a ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, kuma kada a tara fiye da na wata guda ko biyu.

Lissafin da ke raba riba da hasara

Farashin buhu ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin gaskiya shi ne kilo nawa na abinci ake bukata kafin a sami ƙarin kilo ɗaya na kifi. Abinci mai kyau mai tasowa, a hannun mai kula, yakan ba da kilo ɗaya na kifi da kimanin kilo 1 zuwa 1.2. Haɗin gida wanda ba a daidaita ba yakan kai kilo 1.5 zuwa 2, wani lokaci ma fiye.

Ga misali don sauƙin fahimta, kuma alkaluman kuɗin misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. A ɗauka mutum ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000, guda 900 suka rayu, kowane ya kai kilo ɗaya. Da abincin da ma'auninsa yake 1.1, zai kashe kilo 990, watau buhu 66 masu kilo 15. Da wanda ma'auninsa yake 1.8, zai kashe kilo 1,620, watau buhu 108. Idan buhun farko Naira 30,000 ne, jimlar kuɗinsa Naira 1,980,000. Idan na biyu Naira 21,000 ne, jimlarsa Naira 2,268,000. Ke nan buhun da ya fi araha da Naira 9,000 ya jawo ƙarin kashe Naira 288,000, ban da ƙarin makonni na jira da kuɗin man janareta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wannan ba ya nufin mai tsada ne kullum ke da riba. A misalin nan, da a ce buhu na biyu ya sauko ƙasa da Naira 18,300, da shi ne zai fi sauƙi. Abin nufi shi ne babu wanda zai san gaskiyar lamarin sai mai riƙe littafi. A auna samfurin kifi 20 ko 30 duk mako biyu, a rubuta nauyinsu, a rubuta abincin da aka zuba, a raba abincin da ƙarin nauyin. Wanda yake da tanki biyu yana iya gwada abinci iri biyu a kan kifi masu shekaru ɗaya, kafin ya ɗaure kansa da dila ɗaya.

Awon yana kuma nuna yawan abincin da za a ba da a rana. Ƙananan kifi suna cin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsu, a raba sau huɗu ko biyar. Kifi 1,000 masu giram 200 kowane, nauyinsu kilo 200 ne, kuma a kan kashi 2.5 cikin ɗari za su ci kilo 5 a rana, watau buhu ɗaya duk kwana uku. Idan sun doshi kilo ɗaya, kashi 1 zuwa 1.5 ya isa. Mai jari ya lura da cewa fiye da rabin kuɗin abincin yana fita ne a wata biyun ƙarshe. Da yawa sukan fara da abinci mafi tsada, kuɗi ya yanke musu a wata na huɗu, su sayar da kifi ƙanana a kan farashin da mai saye ya ga dama. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Yanayi ma yana cikin lissafi. Tarwaɗa ta fi ci da girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, musamman a wuraren da ke gindin tsaunuka irin su Kagoro, ruwa yakan yi sanyi, ci ya ragu. A irin wannan lokaci sai a jinkirta abincin safe har rana ta ɗaga, a kuma rage awo.

Haɗa abinci a gida

Dabarar da masu kiwo da dama ke bi ita ce su yi amfani da abincin kamfani a wata biyu ko uku na farko, lokacin da kifi ke da rauni kuma ba ya ci da yawa, sa'an nan su koma haɗin gida. Dabara ce mai ma'ana idan an san abin da ke cikin kowane kaya. Masara ba ta wuce kashi 9 cikin ɗari na furotin ba, aikinta ba da ƙarfi ne. Tunkuzar waken suya tana da kashi 44 zuwa 48, ƙuli-ƙulin gyaɗa kuma kusan haka. Idan aka haɗa kilo 25 na garin kifi, da 35 na waken suya, da 15 na ƙuli-ƙuli, da 22 na masara, da 3 na mai da gishiri da sinadaran bitamin, za a sami kilo 100 mai furotin kimanin kashi 40.

Akwai sharuɗɗa uku. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana narkar da furotin, don haka sai an soya shi ko an dafa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hantar kifi. Sa'an nan furotin na tsiro yana da ƙarancin wasu sinadarai biyu, lisin da metiyonin, waɗanda ake saye a shagunan kayan abincin kaji a ƙara. Garin kifin kasuwa kuma a yi hattara da shi, domin akan gauraya shi da yashi ko ƙaiƙayi. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, da sashen wayar da kan manoma na NAERLS a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna ba da shawara kan irin wannan haɗi.

Game da ɗanyen hanjin kaji da mushe, rahusarsu yaudara ce. Suna kawo cuta, suna ɓata ruwa, suna tara wa kifi kitse a ciki, wanda ke narkewa a wuta, mai banda ya ga nauyi ya zube. Har ila yau masu saye da yawa suna ƙyamar kifin da aka san da mushe aka rene shi, kuma sunan gona idan ya ɓaci a kasuwa yana da wuyar gyarawa.

Kifin ado na cikin gilashi

Wani reshe na sana'ar shi ne kifin ado da ake ajiyewa a akwatin gilashi a otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali. Abincinsa na musamman, wanda ya shahara tun shekarun 1950 lokacin da kamfanin Tetra na Jamus ya fito da mai kama da ɓawo siriri, daga waje yake zuwa a ƙananan gwangwanaye, kuma kilo ɗayansa ya ninka na gona tsada sau da yawa. Shi ya sa masu shi ke tambaya ko ƙwayar gona za ta yi.

Amsar ta dogara ga irin kifin. Abincin gona an tsara shi ne don kifi ya yi ƙiba cikin wata shida a sayar, kifin ado kuwa ana so ya yi shekaru da lafiya da kyan launi. Jan kifin nan na ƙasar Sin da ake kira golfish, da koi na Japan, masu cin ganye da ƙwari ne, ba su da tumbi na sosai, kuma furotin kashi 30 zuwa 35 ya ishe su. Idan za a ba su na gona, na karfasa mai ƙaramar ƙwaya ya fi dacewa da su fiye da na tarwaɗa, wanda maiƙonsa kan tara musu kitse a hanta. A riƙa haɗa musu da ganyen alayyafo da aka ɗan tafasa. Kifaye masu cin nama, irin su gartsa da ake kamawa a kogunan Nijeriya ana kai wa Turai ta Legas, su ne za su fi jure abincin tarwaɗa mai nutsewa. Ƙanana irin su gofi kuwa bakinsu ba ya ɗaukar ƙwaya sai an niƙa ta. Kuma abincin gona ba kasafai yake ɗauke da sinadaran ƙara launi ba, don haka ja da ruwan ɗorawa sukan dushe a hankali.

Babban haɗari shi ne ruwa. Kowane kilo na abinci mai yawan furotin yana sakin kimanin giram 30 zuwa 40 na amoniya, guba ce ga kifi, kuma akwatin gilashi ba shi da yalwar kududdufi. Ƙa'idar ita ce a zuba abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, sau ɗaya ko biyu a rana, a kwashe ragowar, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako.

Sayen buhu guda kuma ba tattali ba ne. Golfish goma masu giram 20 kowane ba su cin fiye da giram 3 a rana, watau kilo ɗaya da 'yan kai a shekara. Buhu mai kilo 15 zai kai su fiye da shekara 13, alhali abincin ba ya wuce 'yan watanni da ingancinsa. A nan akwai dama ga ƙaramin ɗan kasuwa: ya sayi sabon buhu mai ƙwaya ta milimita 1.2 ko 2, ya rarraba shi a ƙananan robobi masu murfi, ya rubuta irinsa da ranar da aka yi shi, ya sayar wa masu kifin ado.

Hanyar rage tsada

Masu kiwo na Kajuru da Kachia da Jama'a za su rage tsada idan suka haɗu a ƙungiyar gama-kai, su sayi mota guda daga babban dila a Kaduna ko Jos, maimakon kowa ya ɗauko buhu biyu a motar haya. Masu haɗin gida kuma su sayi masara da waken suya a lokacin kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da farashi ke ƙasa, su adana a busasshen wuri. Tun da aka mayar da sashen kula da kifi na tarayya ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku, wadda aka ƙirƙiro a 2023, ƙungiyoyi masu rajista da littafin lissafi su ne za su fi saurin cin moriyar duk wani shiri na tallafi ko rance.

Kafin a sayi ɗan kifi ko guda, mai jari ya ƙididdige buhunan da za su kai shi ranar ciniki, ya tabbata kuɗinsu yana hannu. Idan kuɗin na buhu 33 ne, ya zuba kifi 500 maimakon 1,000.